Yaya zan bambance zakara da kaza a cikin 'yan tsaki ruwa-biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 9, yau satinsu uku. Uwar ba tsantsar wani iri ba ce, zakarun da ke tare da ita kuma biyu ne, kowanne da kamarsa. An ce min in buɗe fiffikensu, wai mai dogon gashi ita ce mace. Na duba, sai ma na ƙara rikicewa. Akwai hanyar da zan tabbatar? Ina so in rage zakarun tun da wuri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiyar magana, a sati uku babu wanda zai kalli 'yan tsaki ruwa-biyu guda 9 ya faɗa miki jinsin kowanne ba tare da kuskure ba, komai daɗewarsa a kiwo. Zai iya nuna miki ɗaya ko biyu ya ce waɗannan zakaru ne, kuma ya dace. Sauran sai an jira. Rikicewar da kika yi a kan fiffike ba laifin idonki ba ne, hanyar ce ba a yi ta don irin naki 'yan tsakin ba.

Bari in faɗa miki dalili, domin idan kika gane shi ba za a sake ruɗa ki da irin waɗannan dabaru ba. A wajen tsuntsaye, gadon jinsi ya saɓa da na mutane. Zakara yana ɗauke da kuromosom na jinsi, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, iri ɗaya guda biyu, masana suna rubuta su ZZ. Kaza kuma tana da ZW. Ke nan uwa ce ke yanke jinsin ɗan tsako: ƙwan da ta sa wa Z ya zama namiji, wanda ta sa wa W ya zama mace. Abin da za ki riƙe a nan shi ne, 'ya mace Z ɗaya gare ta, kuma daga wajen uba kaɗai take samun sa. Ɗa namiji kuwa yana karɓar ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Duk wata siffa da ke zaune a kan Z ɗin uwa, 'ya'yanta maza ne kawai za su gada.

Akwai wata ƙwayar gado mai jinkirta fitowar gashi, a kan Z take, kuma tana rinjayar mai saurin gashi. Manyan gidajen ƙyanƙyasa sukan zaɓi zakara mai saurin gashi tsantsa, su haɗa shi da kaji masu jinkirin gashi. 'Ya'ya mata sai su biyo uba, su fito da saurin gashi. Maza su ɗauko jinkirin uwa. Ran da aka ƙyanƙyashe su, ma'aikaci zai buɗe fiffike ya kalli layi biyu na 'yan tsirin gashin da ke bakinsa. Idan layin ƙasa ya fi na sama tsawo, mace ce. Idan sun yi kai ɗaya, ko na sama ya ɗan zarce, namiji ne. Wannan yana aiki sosai, amma da sharaɗi biyu: iyayen a tsare suke kamar yadda na bayyana, kuma a duba a kwana ɗaya zuwa uku na farko. Naki sun wuce lokacin, iyayensu ma ba wanda ya san abin da suke ɗauke da shi. In iyayen duka masu saurin gashi ne, duk 'yan tsakin za su yi kama da mata. In uban ne mai jinkiri, za ki ga 'yarsa da guntun fiffike ki ɗauka zakara ce ki rabu da ita. Gaskiya ne a cikin tsakin gida sau da yawa mata kan riga maza fidda wutsiya da rufe kafaɗa, amma wannan zato ne mai rauni, ba a sayar da tsuntsu a kansa.

Haka maganar launi take. Kajin ƙwai jajaye na kamfani, irin su ISA Brown da Lohmann Brown, ana raba su ranar farko da ido kawai, mata ja-ja, maza fari-fari, saboda an haɗa uba mai gadon ja da uwa mai gadon fari na musamman da ke kan Z. Idan aka juya haɗin, aka sa uban ya zama farin, dabarar ta rushe. Idan kuma aka bar 'ya'yan suka hayayyafa a tsakaninsu, jikokin za su fito ja da fari a maza da mata duka. Mutane da yawa suna faɗawa a nan: sun ga an yi a gona, sai su koma gida su ce duk farin tsako namiji ne.

Amma akwai wuri ɗaya da wannan ilimin zai iya yi miki amfani yau ɗin nan, don haka ki je ki kalli uwar. Idan gashinta yana da ratsi a kwance, baƙi da fari, layi bayan layi a kan kowane gashi, irin na Plymouth Rock mai ratsi, kuma cikin zakarun nan biyu babu mai wannan ratsi, to duk ɗan tsakon da ya fito da ratsin namiji ne, wanda bai fito da shi ba mace ce. A baƙin ɗan tsako, alamar tana farawa da ɗigon fari a tsakar kai tun ranar ƙyanƙyasa, a sati uku kuwa ratsin ya riga ya bayyana a gashin fiffike. Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne farin zakara, domin fari yakan rufe ratsi, ya zama uban yana ɗauke da shi ba a gani, ko ɗan ya gada amma bai nuna ba. Idan kuwa uban ne mai ratsin ba uwar ba, ki manta da shi, yana ba maza da mata.

Wani zai ce miki a duba dubura. Hanya ce ta gaske, a Japan aka gano ta, Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto suka wallafa bayaninta da Turanci a 1933, har aka buɗe makarantu don koyar da ita. Ana matsa cikin ɗan tsako mai kwana ɗaya ya fidda kashi, a buɗe duburar a nemi wani ɗan tudu da bai kai kan allura girma ba. Wahalar ita ce wasu matan ma suna da abin da ya yi kama da shi, wasu mazan kuma nasu bai fito fili ba. Ƙwararru sai sun duba dubban 'yan tsaki ƙarƙashin malami kafin idonsu ya faɗa. Ina roƙon ki kada ki gwada, kada kuma ki bari wani ya koya a kan naki. Ɗan matsi kaɗan ya wuce ƙima, hanji ya ɓaci ko dubura ta zazzago, tsakon ya mutu a banza.

Su kuma riƙe tsako ta wuya ko ta ƙafa a ga ko zai miƙe, da rataya allura a zare a kansa, da kallon tsinin ƙwai, duk babu komai a cikinsu. Suna dacewa sau ɗaya cikin biyu, kamar yadda kowane cinke zai dace. Rataya tsako kai ƙasa ma cutarwa ce.

To me ya rage? Kallon girmansu mako bayan mako. Kuma akwai ƙa'ida guda da nake so ki sa a gaba: alamar namiji hujja ce, rashin alamar ba hujjar mace ba ne. Tsakon da zankonsa ya yi ja a sati biyar zakara ne kusan ko da yaushe. Wanda nasa bai yi ja ba, yana iya zama mace, yana iya zama zakara mai nawa. Saboda haka aikinki shi ne tsame zakaru ɗaya bayan ɗaya yayin da suke bayyana kansu. Waɗanda suka rage a ƙarshe su ne kajin.

Daga yanzu zuwa sati takwas, zanko da naman haɓa ne abin dubawa. Ki ɗauki tsakon da safe, lokacin da yake a natse, ki fita da shi hasken rana amma ba cikin zafinta ba. Launi ya fi girma muhimmanci. Zankon mace a wannan shekaru rawaya ne ko fatsi-fatsi, a kwance, a bushe, kusan kalar bakinta. Na namiji yakan fara da ruwan hoda daga gindi, ya yi kauri, haƙoransa su miƙe, kafin sati shida ya koma ja sosai. Sai ki ɗaga haɓarsa da yatsa ki leƙa ƙarƙashin baki. In kika ga 'yan fatu biyu jajaye sun fara leƙowa a sati huɗu ko biyar, wannan ya fi zankon ma ƙarfi a matsayin shaida, domin na mace ba ya saukowa sai ta doshi fara ƙwai. Dalilin safiyar shi ne, tsakon da ya sha gudu ko zafi fuskarsa takan yi ja na ɗan lokaci ko da mace ce, ta koma daidai bayan ta huta. Akasin haka ma yana faruwa: tsakon da tsutsar ciki ko ƙwarƙwata ko gudawar jini ta ci, zankonsa yakan koɗe ya tsaya, ko da namiji ne. Mara lafiya ba a yanke masa jinsi, magani ake fara nema masa.

A nan ne zama ruwa-biyu ke kawo cikas, kuma a nan ne nake ganin masu kiwo sun fi yin asara. Kaza takan ajiye maniyyin zakara a jikinta har sati biyu ko fiye, ke nan 'yan tsakinki 9 suna iya zama 'ya'yan uba biyu. Kada ki jera su duka ki ce mai babban zanko namiji, mai ƙarami mace. 'Yar da ta gaji jinin Leghorn tana iya fin ɗan'uwanta namiji mai jinin Brahma girman zanko a sati shida. Ki fara kasa su gida-gida, masu kama da juna wuri ɗaya, sannan ki gwada kowa da irinsa. Mai zanko tsaye mai haƙora a gwada shi da mai irin nasa. Wanda nasa ya kwanta kamar jerin ƙananan ƙuraje, ba ya tashi sama ko a jikin zakara, don haka faɗi ake dubawa: namiji yakan nuna layi uku a fili da ja tun da wuri, mace kuma layi ɗaya siriri a tsakiya. Wanda nasa shimfiɗaɗɗe ne mai gurza-gurza, shi ma faɗi da launi. Idan cikinsu akwai mai baƙar fata, irin masu jinin Silkie, zankon ba zai yi ja ba sam, sai dai ki bi girma da kumburinsa. Masu tukku a ka kuwa, na mace yakan taru ya zagaye, na namiji ya barbaje da 'yan siraran gashi masu zarcewa ta ƙeya, amma wannan sai an kusa wata uku.

Kaurin ƙafa da girman jiki suna taimakawa, matuƙar 'yan uba ɗaya kike gwadawa. Namiji yakan fi tsawon ƙafa da kaurin gwiwa, ya tsaya a miƙe yana ɗaga wuya idan ya ji motsi. Faɗa kuwa kada ki dogara da shi. Mata ma suna karo da ƙirji suna tada gashin wuya lokacin da suke tsara wa ke gaba da wa, kuma tsakon da ya fi kowa fitina a akurki yana iya zama mace.

Tsakanin sati shida zuwa goma, launin sabon gashi yana fara magana, musamman a masu ruwan ƙasa ko ja. Mace takan fito da zane mai daidaito, kusan iri ɗaya daga baya har fiffike. Namiji yakan yi dabbare-dabbare, sai ki ga wani ja mai duhu, mai sheƙi, ya ɓullo a kafaɗar fiffike kamar an shafa masa. Wannan jan kafaɗa yana cikin alamun da na fi amincewa da su a kajin gauraye. A masu launin kajin daji kuma, ƙirjin namiji baƙi yake fitowa, na mace ja-ja mai haske. Farare sol da baƙaƙe wuluk ba sa ba da wannan dama.

Hujjar da ba ta cika ƙarya ba tana zuwa daga sati 10 zuwa 14, a manyan iri masu nawa har 16. Ita ce gashin gadon baya, wanda ke gab da gindin wutsiya. Ki riƙe tsuntsun a hammata, kansa na kallon bayanki, ki sa yatsa ki buɗe gashin wajen, domin sababbin suna ɓoye a ƙarƙashin tsofaffi kafin su fito. Ki zura farar takarda a ƙarƙashin guda biyu ko uku, in tsuntsun fari ne ki sa baƙa, sai siffar ta fito sarai. Na mace mai faɗi ne, bakinsa a zagaye, ba ya ƙyalli, gefensa a haɗe. Na namiji siriri ne, dogo, mai tsini, yana sheƙi, gefensa a warware kamar geza, kuma yana girma yana zubowa ta gefe biyu. Ko guda ɗaya kika gani mai wannan siffa, magana ta ƙare. Gashin wuya ma yana yin haka, sai dai yana yaudara, domin na kaji da yawa ma yana da ɗan tsini. Dogayen gashin wutsiya masu lanƙwasa da ƙyallin kore suna biyowa baya. Inda wannan hanya ke kasawa shi ne jinin Sebright da wasu Campine, waɗanda zakarunsu ke da gashi irin na mata, kuma suna iya gadar wa 'ya'yansu ruwa-biyu. Idan babu irin waɗannan a kajinki, ba abin damuwa ba ne.

Cara takan zo a wata huɗu zuwa biyar, ko da yake wasu 'yan ƙananan iri suna fara gwada muryarsu tun suna sati shida ko takwas. Ga wani abu da ya kamata ki sani tunda niyyarki rage zakaru ce: idan samarin zakaru suna da yawa wuri ɗaya, mai ƙarfin cikinsu yakan danne sauran. Na ƙasa sai ya yi shiru, zankonsa ya ƙi girma, ya riƙa raɓewa cikin mata. Ranar da kika cire babban, cikin sati biyu ko uku sai ki ga wata da kike kira sagara ta yi jan zanko ta kama cara. Don haka bayan kin fitar da kashin farko, ki ba sauran wannan lokaci kafin ki ƙirga kajinki. Ƙaimi ba ya cikin lissafi a ƙuruciya, maza da mata duka suna da ɗan ƙullutunsa a ƙafa, wasu kajin ma nasu yakan girma. Carar ma kanta ba ta kai ƙwai tabbas ba, domin babbar kaza takan yi cara, musamman inda babu zakara, ko idan mahaifar ƙwanta ta hagu, wadda ita kaɗai ke aiki, ta samu matsala. Ƙwan fari yakan zo daga sati 18 zuwa 24, a kajin gauraye yana iya wuce haka.

Kada kuma ki tilasta wa lissafi ya zo rabi da rabi. A ƙyanƙyasa mai yawa maza da mata sukan yi kusan daidai, amma a guda 9, samun 4 da 5 bai wuce sau ɗaya cikin biyu ba. Samun 7 ko fiye na jinsi ɗaya yana faruwa kusan sau ɗaya cikin biyar ko shida. Na faɗi haka ne don kada ki gano zakaru biyar ki ce ai sauran huɗun dole mata ne. Zafin kwanci ko na injin ƙyanƙyasa ma ba ya sauya jinsin kaji. A kada da kunkuru ne hakan ke faruwa.

Abin da zan ba ki shawara ki yi: ki sa wa kowanne alama a ƙafa da zobe mai launi, ki riƙa duba shi duk mako kina sassautawa, domin ƙafar tsako tana kauri da sauri, zoben da aka manta yakan nutse cikin nama. Rana ɗaya a mako ki ɗauki hoton fuskar kowanne ta gaba da ta gefe, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Idon da ke ganinsu kullum ba ya lura da sauyi, hoto kuwa yana nunawa. A sati shida zuwa takwas za ki iya fitar da waɗanda zanko da naman haɓa da jan kafaɗa suka taru a kansu, ba mai alama ɗaya tak ba. Masu shakka ki bar su zuwa sati 12 ko 14. Jiran ba zai cutar da kowa ba: abinci ɗaya maza da mata ke ci har matan su kusa fara ƙwai, kuma samarin ba sa fara takura wa 'yan matan sosai sai wajen wata huɗu. Asarar ɗan abincin sati shida ta fi sauƙi a kan rabuwa da sagara mai kyau bisa kuskure. Idan akwai wani mai daraja a cikinsu da lallai sai kin sani yanzu, akwai dakunan gwaji da ke gano jinsin tsuntsu ta DNA, daga gashin da aka tuge da saiwarsa ko ɗigon jini, amma ga tsakin gida da wuya ya biya wahalarsa.

In kuma kina so a ƙyanƙyasa ta gaba ki san jinsi tun ranar farko, abu ne da za ki iya tsarawa da kanki. Ki nemi kaji masu ratsin baƙi da fari, ki ware su daga kowane zakara na tsawon sati uku zuwa huɗu don na baya ya fita daga jikinsu, sannan ki sa musu jan zakara guda ɗaya wanda ba shi da ratsi, irin su Rhode Island Red. 'Yan tsakin za su fito baƙaƙe, masu ɗigon fari a ka su ne maza. Sai dai duk lokacin da za ki maimaita, sai kin koma ga uwa mai ratsi da uba mara ratsi, domin 'ya'yan matan da za ki samu ba su gaji ratsin ba, ba su da abin da za su ba nasu 'ya'yan.